Madubin Likita da Injin Wulwulawa: Shaidu Biyu a Binciken Ƙwayar Halitta

Tsakure

Wannan takarda ta dubi hanyoyi biyu da ilimin ƙwayar halitta ya ginu a kansu: kallon ƙwaya da madubin likita, da kuma farfasa ta a rarraba sassanta da injin wulwulawa. Ta bi diddigin iyakar kowace hanya da irin kuskuren da take jefa mai bincike a ciki, ta hanyar waiwayar aikin Abbe da Claude da Palade da de Duve, sannan ta kawo misalin ƙwayar cutar sammore. Matsayin takardar shi ne babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ta isa shaida ita kaɗai, kuma koyar da su a rabe tauye ɗalibi ne.

1.0 Gabatarwa



Idon ɗan Adam ba ya iya bambance abubuwa biyu idan tazarar da ke tsakaninsu ta gaza kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Jar ƙwayar jini kuwa faɗinta maikuromita 7 zuwa 8 ne, kuma maikuromita 1,000 ke yin milimita guda. Abin da ke cikin ƙwayar halitta ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba: kaurin maitokondiriya bai cika wuce maikuromita ɗaya ba, raibosom bai fi nanomita 25 zuwa 30 ba, tantanin da ya lulluɓe ƙwayar kuma kaurinsa bai kai nanomita 10 ba. Duk abin da muke koyarwa a aji game da waɗannan sassa, wata na'ura ce ta gaya mana. Saboda haka wajibi ne mu san yadda na'urar take samo labarinta, da inda take iya ɓatar da mu.

Tambayoyi biyu ake yi wa kowane sashe na ƙwaya. Yaya kamanninsa, kuma a ina yake zaune? Wannan tambayar madubi ce. Me ya ƙunsa, kuma wane aiki yake yi? Wannan tambayar rarrabawa ce. Madubi yana barin ƙwaya a haɗe amma bai faya faɗin aikin abin da ya nuna ba. Rarrabawa tana ba da sashen a cikin kwalba a auna aikinsa, amma sai ta rushe ƙwayar tukuna, ta ɓatar da mazaunin kowa.

2.0 Madubin haske da iyakarsa

A 1665 Robert Hooke ya wallafa littafinsa Micrographia a Landan, inda ya zana ƙananan ɗakunan da ya gani a siririn yankin ɓawon itace. Bangon matattun ƙwayoyi ya gani. A cikin shekarun 1670 Antonie van Leeuwenhoek, mai sayar da yadi a Delft ta ƙasar Holan, ya ga rayayyun halittu masu ƙwaya ɗaya da bakteriya da madubinsa mai gilashi guda. Sai a 1838 da 1839 Schleiden da Schwann suka kafa ra'in cewa tsiro da dabba duk da ƙwayoyi aka gina su. Ba zan daɗe a nan ba.

Inda nake so mu tsaya shi ne Jena ta ƙasar Jamus, a 1873. Ernst Abbe, wanda yake aiki da masana'antar Carl Zeiss, ya nuna cewa akwai iyakar da madubin haske ba zai tsallake ba, komai gwanintar mai goge gilashi. Ƙaramar tazarar da madubi zai iya bambancewa ita ce tsawon zangon hasken da ake amfani da shi, a raba da ninki biyu na lambar buɗewar gilashi. Wannan lamba a rubuce take a jikin kowane gilashin madubi, daf da lambar ƙara girma. A ɗauki gilashin 100 da ake aiki da shi a ɗakunan gwajin asibiti, wanda yawanci lambarsa 1.25 ce. Idan koren haske ne mai zangon nanomita 550, a raba shi da 2.5, a sami nanomita 220. Duk abu biyu da suka fi haka kusanci, dunƙule ɗaya za a gan su.

Daga nan abubuwa da yawa suke warwarewa. Ɗigon man da ake sawa tsakanin gilashin 100 da abin dubawa, aikinsa ɗaga lambar buɗewa ne, domin gilashin da iska ke gabansa ba ya wuce kimanin 0.95. Wanda ya duba da gilashin 100 babu mai, ya zubar da abin da aka ƙera gilashin dominsa. Haka kuma ƙara girman da ya wuce kusan ninki 1,000 na lambar buɗewa ba ya ƙaro komai sai faɗaɗa dishi-dishi. Don haka idan mai tallar kaya ya ce madubinsa na haske yana ƙara girma sau 2,000 ko 2,500, tambayar da ta dace da shi ita ce nawa ce lambar buɗewar gilashinsa.

Matsala ta biyu ita ce ƙwaya kusan garau take, ruwa ne mafi yawanta. Masu bincike na ƙarshen ƙarni na 19 sun magance wannan da rini. Rinin Gram na 1884 ya raba bakteriya gida biyu, rinin Ziehl da Neelsen ya fito da ƙwayar tarin fuka ja, rinin Giemsa na 1904 kuma har gobe shi ake ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da shi. Sai dai kafin a rina, dole a kashe ƙwayar a daskarar da ita da sinadari, kuma a nan ne zargi yake shigowa: abin da aka gani na ƙwayar ne, ko sinadarin ne ya ƙirƙire shi? A 1898 Camillo Golgi na Pavia ya ga wani abu kamar raga a ƙwayoyin jijiya bayan ya rina su da gishirin azurfa. Aka shafe sama da shekara hamsin ana gardama, manyan masana da yawa suna cewa azurfar ce kawai ta taru. Ba a kashe maganar ba sai da madubin elektron ya nuna shi a shekarun 1950.

An samo hanyoyin rage wannan zargi. Frits Zernike ya ƙirƙiro dabarar da ke mayar da ɗan jinkirin da haske yake yi wajen ratsa ƙwaya ya zama duhu da haske a ido, ta yadda za a kalli ƙwaya da ranta ba rini. Ya karɓi lambar Nobel a 1953. Albert Coons, a 1941, ya liƙa rini mai walƙiya a jikin garkuwar jiki, ta je ta kama furotin ɗin da aka nufa, ta nuna inda yake. Koren furotin mai walƙiya, wanda Osamu Shimomura ya tace daga wata halittar teku a 1962, ya zama alamar da ake bin furotin da ita a cikin rayayyar ƙwaya tun daga aikin Martin Chalfie na 1994. Akwai ma dabarun da suka zagaye iyakar Abbe, waɗanda suka ci Nobel a 2014.

3.0 Madubin elektron

Tunda zangon haske ne ya kafa iyaka, mafita ita ce a nemi abin da zangonsa ya fi gajarta. Ernst Ruska da Max Knoll sun haɗa madubin elektron na farko a Berlin a 1931, kamfanin Siemens kuma ya fara sayar da shi a 1939. A 1945 Keith Porter da Albert Claude da Ernest Fullam suka wallafa hoton cikakkiyar ƙwaya da aka ɗauka da shi, inda aka hangi wata ragar tantani da ta ratsa cikin ƙwaya.

Amma kuɗin shigar yana da tsada. Elektron ba ya tafiya sai inda aka zuƙe iska, saboda haka ba a kallon abu mai rai. Dole a daskarar da nama da sinadari irin osmiyum ko gulutaraldehaid, a janye ruwansa da giyar gwaji, a binne shi cikin roba, a yanka shi siriri ƙasa da nanomita 100, a rina shi da gishirin ƙarafa masu nauyi irin dalma da yuraniyum. A kowane mataki ana iya haifar da abin da babu shi. Misali mafi koyarwa shi ne mesosom, wani naɗin tantani da aka riƙa gani a cikin bakteriya, har ya shiga littattafan karatu tare da ayyukan da aka jingina masa. Da aka koma daskarar da bakteriya da matsanancin sanyi cikin gaggawa maimakon sinadari, sai aka neme shi aka rasa. Sinadarin ne yake lanƙwasa tantanin. Abin lura shi ne Golgi da aka ƙaryata ya tabbata, mesosom da aka gaskata ya rushe, kuma a duka biyun wata hanya ce ta daban ta yi alƙalanci.

4.0 Rarraba sassan ƙwaya

Tunanin ware sashe guda na ƙwaya tsoho ne. A 1869 Friedrich Miescher, a Tübingen, ya ware cibiyoyin fararen ƙwayoyin jini daga mugunyar da ke jikin bandejin asibiti, ya samo sinadarin da yanzu muke kira DNA. A 1934 Bensley da Hoerr na Chicago suka yi ƙoƙarin ware maitokondiriya daga hantar ɓeran Masar. Amma wanda ya mayar da abin tsararren aiki shi ne Albert Claude, ɗan Beljiyam da ya yi aiki a Cibiyar Rockefeller ta New York, a maƙalunsa biyu na 1946.

Ga yadda aikin yake, idan hantar ɓera ce. Ana yayyanka hantar a cikin ruwan sukarin rake mai sanyi, giram 85.6 a lita guda, da sinadarin da zai riƙe tsamin ruwan kada ya sauya. Kowane sharaɗi da dalilinsa. Sanyin da bai wuce digiri 4 ba yana hana enzayim ɗin da suka kuɓuce cinye abin da ake nema. Sukarin yana hana sassan masu tantani shan ruwa su kumbura su fashe. Muhimmancinsa ya bayyana a 1948, lokacin da Hogeboom da Schneider da George Palade suka bar ruwan gishiri, wanda yake sa sassan su cure, suka koma sukari mai kauri: sai ga maitokondiriya sun fito da siffarsu ta sanda, suna karɓar rinin da aka san su da shi a cikin ƙwaya. Daga nan sai a dandaƙa naman a cikin bututun gilashi mai taɓarya da ta cika shi dam, irin wanda Potter da Elvehjem suka fito da shi a 1936. Ana so tantanin waje ya yage, na ciki su tsira. Hannu mai nauyi yana ɓata aikin tun daga nan.

Sauran aikin, duk wadda ta taɓa yin kamu ta san tushensa: a niƙa, a tace, a bari mai nauyi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama. Bambancin shi ne sassan ƙwaya ba za su kwanta da kansu cikin lokacin da ake so ba, sai injin wulwulawa ya ninka musu jan ƙasa. A ninki 600 zuwa 1,000 na minti goma, cibiyoyi da ƙwayoyin da ba su fashe ba sukan kwanta. A tsiyaye ruwan sama a mayar da shi a ninki 10,000 zuwa 15,000, maitokondiriya su kwanta tare da wasu 'yan rakiya da zan zo kansu. A sake mayarwa a ninki 100,000 na awa guda, a sami abin da Claude ya kira maikurosom. Abin da ya rage a sama shi ne ruwan cikin ƙwaya.

Bari in ɗan ratse kan wani abu da nake yawan gani a kundayen ɗalibai, wato rubuta yawan juyi a minti kaɗai. Wannan lamba ba ta wadatar ba, domin ƙarfin ya danganta da tazarar da ke tsakanin tsakiyar injin da gindin bututu. Injin da tazararsa santimita 10 ce, a juyi 3,000, yana ba da kusan ninki 1,000. Wanda tazararsa santimita 15 ce, a daidai wannan juyi, yana ba da kusan 1,500. Wanda ya rubuta juyi kawai ya hana wani maimaita aikinsa.

Babu kason da yake fitowa tsantsa. Ƙaramin abu da ya fara tafiya daga kusa da gindin bututu yana iya isa tare da babban abu da ya taso daga sama. Shi ya sa ake ƙarawa da hanya ta biyu: a jera ruwan sukari a bututu, mai kauri a ƙasa, tsinkakke a sama, a ɗora samfuri a kai a wulwula, kowane sashe ya tsaya inda nauyin ruwan ya yi daidai da nasa. Shi ya sa kuma ake bin kowane sashe da enzayim ɗin da aka san shi da shi: saitokurom oksides ga maitokondiriya, katales ga faroksisom, gulukos-6-fosfates ga ragar tantani. Da irin wannan ne Kennedy da Lehninger suka nuna a 1948 zuwa 1949 cewa ƙona kitse da zagayen Krebs a cikin maitokondiriya suke gudana. Madubi ya daɗe yana ganin maitokondiriya tun ƙarni na 19, amma bai iya faɗin wannan ba.

Rarrabawa ma tana da nata ruɗin. Babu wani abu mai suna maikurosom a cikin rayayyar ƙwaya. A 1956 Palade da Philip Siekevitz suka sa wannan kaso a ƙarƙashin madubin elektron, suka ga gutsattsarin ragar tantani ne da suka yage lokacin dandaƙa suka rufe kansu suka zama ƙananan jakunkuna, da yawansu ɗauke da ƙwayoyin da Palade ya bayyana a 1955, waɗanda daga baya aka sa wa suna raibosom. Da ba a duba ba, da an ci gaba da lissafa maikurosom cikin sassan ƙwaya.

5.0 Laisosom: sashen da aka auna kafin a gan shi

A ganina babu labarin da ya fi na Christian de Duve nuna yadda ya kamata a yi wannan aiki. A ƙarshen 1949, a Jami'ar Louvain ta Beljiyam, shi da ɗalibansa suna nazarin yadda insulin ke aiki a hanta. Enzayim ɗin da ke gabansu gulukos-6-fosfates ne. Wani kuma, fosfates mai son tsami, suna auna shi ne don kwatance kawai. Da suka dandaƙa hanta a hankali bisa tsarin Claude, sai suka ga aikin wannan na biyun bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da suka saba samu ba idan sun markaɗa hanta da injin markaɗe. Suka ajiye kason a firiji. Bayan kwana biyar suka sake aunawa, sai ga aikin enzayim ɗin ya dawo, mafi yawansa a kason maitokondiriya.

Mutane da yawa za su ce kuskuren awo ne su wuce. De Duve bai wuce ba, kuma dalilin da ya sa ya ga giɓin tun farko shi ne ɗabi'arsa ta yin lissafin shiga da fita: yana auna enzayim a dandaƙaƙƙen nama kafin rarrabawa, ya auna a kowane kaso, ya tara ya ga ko sun yi daidai. Fassarar da ya yi ita ce enzayim ɗin a kulle yake cikin jakar tantani, ba ya kaiwa ga abin da zai yi aiki a kai. Markaɗe mai ƙarfi, ko ajiya, ko daskarewa da narkewa, ko sabulun gwaji, duk suna huda jakar su sake shi.

Da farko an ɗauka jakar maitokondiriya ce. Sai injinsu mai gudu ya samu matsala, ɗalibinsa François Appelmans ya koma aiki da mai ƙaramin ƙarfi, sai ya ga maitokondiriya sun kwanta amma kaso mai yawa na fosfates ɗin bai bi su ba. Ashe wani sashe ne daban. Suka gyara tsarin rarrabawa ya zama kaso biyar, suka gano wasu enzayim huɗu masu narkar da abubuwa a cikin tsami suna tafiya tare da shi. A 1955 suka sa wa sashen suna laisosom, alhali babu wanda ya nuna hotonsa. Sai da Alex Novikoff ya duba kason da madubin elektron, a aikin da aka wallafa a 1956, aka ga jakunkunan ido da ido. A 1963 Henri-Géry Hers, na wannan rukuni, ya nuna cewa cutar Pompe rashin enzayim guda ne na laisosom, ya buɗe ƙofar fahimtar jerin cututtukan gado. Da irin wannan lissafi ne kuma rukunin ya ware faroksisom a shekarun 1960.

Palade ya bi ta ɗaya ɓangaren, yana haɗa hanyoyin biyu a gwaji guda. Shi da James Jamieson, a 1967, sun ba yankakken fankiriyas na ɓeran Masar sinadarin gina furotin mai alamar rediyo na 'yan mintuna, sannan suka bi alamar da madubi da kuma rarrabawa. Duka biyun suka ba da amsa ɗaya: sabon furotin yana tashi daga ragar tantani mai raibosom, ya ratsa sashen Golgi, ya shiga jakunkunan ajiya, ya fita. A 1974 aka ba Claude da de Duve da Palade lambar Nobel tare.

6.0 Misalin ƙwayar sammore

Wannan ilimi ya taɓo abin da makiyayanmu suka sani sarai. Sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu, ƙwayoyin tirifanosoma ne ke kawo ta, kuma danginsu ne ke sa wa mutane ciwon barci. Saboda ita aka kafa wata cibiyar bincike a Kaduna mai reshe a Vom.

Matsalar gano cutar ita ce sau da yawa ƙwayoyin kaɗan ne a jini, mai dubawa ya gaji bai ga ko ɗaya ba. Mafitar da Patrick Woo ya kawo a kusan 1970, wanda Max Murray da abokan aikinsa suka inganta a 1977, rarrabawa ce tsagwaronta. A ɗebi jini a siririn bututun gilashin nan na auna yawan jini, a toshe gindinsa, a wulwula na minti biyar. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwan jini ya tsaya a sama, a tsakani kuma a ga wani ɗan farin layi na fararen ƙwayoyi. Nan ƙwayoyin sammore suke taruwa. A yanke bututun kaɗan ƙasa da layin, a matso abin da ke ciki a kan gilashi, a rage hasken madubi, sai a gan su suna wutsil-wutsil tsakanin ƙwayoyin jini. Bututun guda ya faɗi ƙarancin jinin saniya, ya kuma nuna mai laifin. Injin ya tara, madubi ya tabbatar.

A cikin ƙwayar kanta ma haka aka yi. A kusan dukkan halittu, matakan farko na ƙona sukari a ruwan cikin ƙwaya suke gudana. A 1977 Fred Opperdoes da Piet Borst, a Amsterdam, suka rarraba sassan Trypanosoma brucei, suka ga enzayim tara na wannan aiki suna kwantawa tare, kuma a kulle suke kamar yadda fosfates ɗin de Duve yake. Suka kira jakar gilaikosom, wadda daga baya ta tabbata 'yar gidan faroksisom ce. Tunda ƙwayar, lokacin da take cikin jini, da ƙona sukari ta dogara wajen samun kuzari, kuma ta tsara shi ba kamar namu ba, wannan sashe ya zama wurin da masu neman magani suka zuba wa ido.

7.0 Abin da ya rage gare mu

A mafi yawan azuzuwan da na sani, madubi babi ne, rarrabawa wani babi ne, kowanne da jerin da za a haddace: ire-iren madubi a nan, lambobin wulwulawa a can. Ɗalibi yana iya zana jadawalin kaso huɗu ba kuskure, amma bai taɓa ɗiban abin da ya kwanta a gindin bututu ya duba shi da idonsa ba. Uzurin da ake bayarwa shi ne rashin kayan aiki, kuma ba ƙarya ba ne. Injin ninki 100,000 da madubin elektron suna buƙatar kuɗi mai yawa, da wuta tsayayya, da ƙwararren mai gyara. Ya kamata a sami irinsu a 'yan cibiyoyi da jami'o'i za su yi tarayya a kai, maimakon kowa ya sayi nasa ya rufe shi da leda.

Amma matakin farko ba ya jiran wannan. Injin tebur da ke kai ninki 1,000 ya isa kwantar da cibiyoyi daga sabuwar hantar kaza da aka kawo cikin ƙanƙara, a ɗiga shuɗin rini a gan su. Ya isa kwantar da korayen sassan ganyen alayyafo ko latas, waɗanda madubin haske yake nunawa sarai. Ana gane katales daga kumfar da yake tayarwa a ruwan haidurojin na wanke ciwo, saboda haka ɗalibi zai iya auna shi kafin wulwulawa, ya auna a kwantacce, ya auna a ruwan sama, ya tara ya ga ko lissafin ya cika. Idan bai cika ba, ya nemi inda sauran ya shiga. Injin auna yawan jini kuwa akwai shi a ɗakunan gwajin asibiti da na dabbobi da yawa. Ko a Jami'ar Stanford ta Amurka, rukunin Manu Prakash ya nuna a 2017 cewa faifan takarda da zare, ana ja da hannu, suna iya raba jini.

Madubin da muke da shi ma yana buƙatar a kula da shi. Ƙurar hunturu tana karce gilashi idan aka goge shi a bushe, laimar damina tana sa masa fumfuna, man da aka bari ya kwana a gilashin 100 yana dusashe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2010 ta ce a tabbatar da zazzaɓin cizon sauro da gwaji kafin a ba da magani, kuma madubi ne yake faɗin nau'in ƙwayar da yawanta. Wanda zai zauna gaban wannan madubi gobe, a ajinmu yake yau.

Kirana ga shugabannin sassan nazarin halittu da na kimiyyar ɗakin gwaji shi ne a haɗa babukan nan biyu su zama darasin aiki guda, a kuma kafa sharaɗi: kada a karɓi rahoton rarrabawa daga ɗalibi sai da zanen abin da ya gani a kowane kaso, da ƙarfin wulwulawa a rubuce da ninkin jan ƙasa, da lissafin shiga da fita na enzayim aƙalla guda. Wannan ba ya buƙatar sabon gini, kuma ana iya fara shi a zangon karatu mai zuwa.